Katangar Gidan Madam

Asabar, 13 ga Yuli, 2013, da hantsi

Baba bai kwana a gida ba.

Na rubuta wannan layin na zauna ina kallonsa. Malamarmu ta Hausa ta taɓa cewa idan mutum ya rasa wanda zai gaya wa magana, ya gaya wa takarda, amma ya rubuta cikakkiyar jimla. Tun da aka rufe makarantu littattafaina suna cikin akwati. Yau na ciro wannan. Zan yi ƙoƙari in rubuta cikakkun jimloli.

Jiya an yi ruwa tun azahar. Da ya ɗauke bayan la'asar, tsakar gidanmu ta zama tafki. Ina dama kunun buɗa baki sai muka ji ƙara. Kowa ya kwanta a ƙasa kamar yadda muka saba, Inna ta danne kaina da hannunta. Ashe ba abin da muke zato ba ne. Katangarmu ta gabas ce ta faɗi waje, ta kan layi.

A gindin katangar nan Iya Yaji take kafa murhunta kowace yamma tana suyar awara. Tun ina firamare nan ne wurinta, saboda inuwa. Ba zan rubuta sauran ba.

Sojoji sun zo saboda ƙarar. Baba yana cikin masu ɗaga bulo, hannunsa duk jini. Babbansu ya ce, "Wa ke da gidan nan?" Aka ce mai gidan ba ta gari. Ya ce, "To waye babba a nan?" Ba wanda ya nuna Baba da hannu, wannan zan rubuta don gaskiya ne. Kowa dai ya juya ya dube shi. Baba ya goge hannunsa a riga ya ce, "Ni ne shugaban kwamiti."

Suka tafi da shi. An ce sun miƙa shi ga 'yan sanda.

Lahadi, 14 ga Yuli, bayan la'asar

Ina so in tsara abin tun daga farko, ko kaina zai daina juyawa.

Gidanmu na haya ne, a Dogo Tebo. Ana ce masa Gidan Madam, don na Madam Chinecherem ne, wadda take da shagon kayan mota. Bara da abubuwa suka ɓaci ta koma garinsu. Kafin ta tafi ta tara mu ta ce mu kafa kwamiti mu kula da gidan: shara, gyaran famfo, rufe ƙofa da wuri. Ba wanda ya so shugabanci, don a wannan zamani ba a son a ce wane ne babba a wuri kaza. Sai Alhaji Abatcha mai hatsi ya ce a ba Malam Zarami, wato Baba, tela ne, kullum yana zaure a kan kekensa, kuma masu zuwa masallaci da masu zuwa coci duk sun yarda da shi. Aka yi dariya, aka ce an yarda. Baba ya ce a'a, ya sake cewa a'a, daga nan ya haƙura. Alhaji Abatcha ya zama mataimaki. Ba albashi, ba komai. Abin da Baba ya samu shi ne makullin ƙofa da buga masa ɗaki duk lokacin da masai ya toshe.

A watan Afrilu aka yi zaman katanga. Ni na kai musu ruwan sha, na tsaya a bayan tankin ruwa don kunyar wucewa ta gabansu. Aka ce katangar gajera ce, ana iya tsallakowa, a ƙara mata tsawo. Baba ya ce a nemo magini ya duba, tsohuwa ce, ba ta da ginshiƙi. Alhaji Abatcha ya ce, "Magini? Ka san ɗan wane ne? Ka kawo baƙo ya ƙirga mana ɗakuna, ya ga wa ke kwana ina? Mu da hannunmu za mu yi." Sannan ya ce a toshe rariyar da ruwa ke fita ta gindin katangar, don ya ji an taɓa turo wani abu ta irinta a wani gari. Baba ya ce, "To ruwan damina fa?" Aka ce kafin damina an san yadda za a yi.

Ba a rubuta komai ba. Ba ma rubuta sunaye a gidan nan, kowa yana tsoron hannun da takarda za ta faɗa. Aka ce, "An yarda?" Aka ce, "An yarda." Ranar Asabar aka yi gayya, maza suna ɗora bulo, mata suna kawo ruwa. Har waƙa aka yi.

Damina ta zo, ba wanda ya tuna da rariya.

Litinin, 15 ga Yuli, bayan azahar

Mun je sadakar ukun Iya Yaji ni da Inna. Na ga kaskon suyarta a jingine a bakin ɗaki, ya lanƙwashe. Na durƙusa kawai. Ɗanta Bilyamin direban babbar mota ne, yana hanya, kuma babu sabis ɗin waya a garin nan tun watan Mayu. An aika masa saƙo ta bakin direbobi.

Ba a saki Baba ba.

Talata, 16 ga Yuli, da yamma

Ba a saki Baba ba. Wani ya zo ya karɓi yadinsa na sallah.

Alhamis, 18 ga Yuli, da hantsi

Sabis ya dawo. Duk layin ihu ake yi kamar an ga wata, kowa ya ɗaga waya sama. Anti Celina, ma'aikaciyar jinya da ke ɗakin kusa da namu, ta shigo ko takalmi ba ta cire ba. Ta ce wa Inna, "Maman Hadijatu, kawo waya, yau Madam za ta ji."

Da Turanci suka yi magana, na fahimci komai. Madam ta yi kuka da gaske, ta san Iya Yaji. Sannan muryarta ta canja. Ta ce ita shara da famfo ta ce a kula da su, ba ta ce a yi gini ba, ba wanda ya tambaye ta. Anti Celina ta ce, ta yaya za a tambaye ki? Ta ce a watan Afrilu akwai sabis. Wannan gaskiya ne. Ta ce ba za ta zo ba, 'ya'yanta sun ɓoye mata jaka.

Inna ta ce, "Me ta ce?" Anti Celina ta dube ni. Na ce, "Ta ce tana gaishe ki."

Tun ranar da abin ya faru, kowace magariba kwanuka suke zuwa ɗakinmu. Ƙosai daga nan, kunun gyaɗa daga can, shinkafa da miya daga gidan Alhaji Abatcha. Kwanuka suna zuwa, masu kwanukan ba sa zuwa. Inna ta jera su ta zuba musu ido. Ƙannena ne suke ci.

Asabar, 20 ga Yuli, bayan la'asar

Yau aka bar ni na ga Baba. Mun kai masa abin buɗa baki, ɗan sandan da ke kanta ya ce in ɗanɗana kowane kwano a gabansa. Na ce ina azumi. Ya ce to abincin ma ya yi azumi. Inna ta roƙe shi, daga baya ya yi dariya ya ce wasa yake yi.

Baba ya fito ba hula. Ban taɓa ganin kansa a waje ba hula ba. Ciwon hannunsa ya yi baƙi.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake ce mini Uwata. Ya ce, "Uwata, kin rame. Ke ake tsare da ita ko ni?"

Na yi niyyar tambayoyi da yawa, na shirya su a hanya. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba, ina man keke yake?" Ya gaya mini. Ya ce in rufe keken da zane kada ya yi tsatsa, in kuma ba kowa yadinsa in ya zo, kada a riƙe wa mutane kayan sallah.

Inna ta ce, "Malam, ka gaya musu ba kai kaɗai ba ne?"

Ya ce, "Sun tambaye ni wa ya sa aka yi, na ce ni."

"Amma ba kai ba ne!"

"Ni ne shugaba."

Inna ta ja gyale ta rufe fuska.

Litinin, 22 ga Yuli, da azahar

Anti Celina ta kawo wata lauya da suke coci ɗaya, Barista Ufedo. Gajera ce, tana magana da sauri, jakarta ta fi ta girma. Ta zauna a kan tabarmarmu ta ƙi kujera.

Na rubuta abin da ta ce yadda na ji, don Inna ta ce in riƙe mata.

Ta ce yin aiki kyauta ba ya hana doka ta tambaye ka. Wanda ya karɓi kula da gida ya karɓi nauyin duk wanda gidan zai cutar, ko an biya shi ko ba a biya shi ba. Ta ce kwamitinmu ba shi da rajista, don haka doka ba ta san shi ba. "Ba a saka kwamiti a bayan kanta, Mama. Mutum ake sakawa." Ta ce abin da za su tuhume shi da shi sakaci ne da ya jawo asarar rai, kuma shekaru ne, ba kwanaki ba.

Inna ta ce, "Don ya riƙe makulli?"

Barista ta ce, "Don ya ce shi ne. Mijinki ya ɗinka wa kansa riga da bakinsa, kuma ta yi masa daidai."

Sai ta ce akwai hanya. Idan wani da ya halarci zaman ya shaida cewa Baba ya nemi a kawo magini aka ƙi, ya yi maganar ruwa aka rinjaye shi, to maganar ta canja. Amma duk wanda aka ambata za a kira shi.

Anti Celina ta buga cinya. "Ni zan faɗa!" Barista ta ce, "Kina wurin?" Ta ce a'a, tana asibiti ranar. Barista ta ce, "To ke jin labari kika yi."

Suka bi ɗaki ɗaki. Wani ya ce yana kasuwa ranar. Wani ya ce ya zo a makare. Wani ya ce yana wurin amma kunnensa ba ya ji sosai tun da aka yi ƙarar nan ta kasuwar shanu. Alhaji Abatcha ya ce, "Barista, ai komai da izinin shugaba ake yi. Mu mabiya ne."

Ina bayansu ina riƙe mata jaka. Ban ce komai ba.

Laraba, 24 ga Yuli, da hantsi

Sadiya ce ta kawo kwano jiya da kanta. 'Yar Alhaji Abatcha ce, kuma ƙawata tun aji ɗaya, benci ɗaya muke zama. Ita ce take ɗaga hannu ta faɗi amsar da na raɗa mata, don ni ba na iya magana a aji.

Ta zauna ta ce in kwance kaina ta yi mini kitso. Tana yi tana ba ni labarin wata malama da ta gudu ta bar takalmi ranar da tayar mota ta fashe. Na yi dariya, na manta. Sai ta ce, "Dije, babana ba ya barci. Hawan jininsa ya tashi. Jiya na ga yana kuka a kan dadduma."

Na ce Allah ya ba shi lafiya.

Ta ce, "Ranar zaman nan, ke kika kai ruwa, ko?"

Na ce ban tuna ba.

Ta ja gashina da ƙarfi kaɗan, ta ce, "Ni ma ban tuna ba."

Kitson ya yi kyau.

Juma'a, 26 ga Yuli, da yamma

An sake yin ruwa. Yanzu yana da hanyar fita.

Asabar, 27 ga Yuli, bayan azahar

Na gaya wa Baba. Na jira Inna ta je karɓo kwanuka, na ce, "Baba, ina bayan tanki ranar. Na ji ka ce magini."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Wa kika gaya wa?"

Na ce ba kowa.

Ya ce, "To ba kowa ɗin nan ya ishe ki. Uwata, ki saurare ni. In kika buɗe baki, maza nawa za a kwasa daga gidan nan? A wannan lokaci, in mota ta zo ta kwashi maza, kin san ba duka suke dawowa ba. Tsoro ne ya sa suka yi, ba mugunta ba. Ni ma da na tsaya kan maganata da ba a yi ba. Kuma ba 'yata da za ta tsaya gaban 'yan sanda tana kiran sunayen iyayenta maza."

Na ce, "To kai fa?"

Ya ce mai unguwa ya zo, ya ce Bilyamin ya dawo, yana Fika wurin kawunsa. In dangi sun yafe, magana ta ƙare. Haka ake yi tun kakanni. Ya ce, "Ki yi mini alkawari."

Ban ce na yi ba. Na sunkuyar da kai, shi kuma ya ɗauka amsa ce.

Lahadi, 28 ga Yuli, bayan magariba

Mun je Fika mun dawo kafin dokar hana fita: mai unguwa, liman, Inna da ni. A kowane shinge sai an sauka a taka da hannu a sama. Mai unguwa yana da ƙiba, babbar rigarsa tana zamewa, yana cewa, "Rabon da in yi irin wannan tafiya tun ina neman aure." Har Inna ta yi murmushi.

Kawun Bilyamin dattijo ne manomi, muka same shi ya dawo daga gona. Aka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin darbejiya. Liman ya yi addu'a, mai unguwa ya yi doguwar magana. Bilyamin yana zaune yana karya tsinke, bai ɗago ba. Babba ne ƙwarai, amma idonsa irin na Iya ne.

Da aka gama ya ce, "Ina Legas aka binne ta. Ina cin abinci a tasha wani ya ce mini, kai ne ɗan mai awara?" Ya yar da tsinken. Sannan ya ce, "An gaya mini Malam Zarami ne ya ciro ta da hannunsa. Shi ya ɗinka mini kayan aure, ya kwana yana yi. Ba na neman komai. Na yafe, duniya da lahira."

Inna ta faɗi a gabansa tana kuka. Ya ce, "Haba Inna, tashi, kada ki sa ni zunubi."

Kawun ya ba mu ɗanyar gyaɗa a leda. Ya dube ni ya ce, "Wannan ba ta magana ne?" Inna ta ce haka take. Ya ce, "Madalla, ta huta."

Litinin, 29 ga Yuli, da hantsi

Yau masu kwanuka sun zo da kansu. Ɗakinmu ya cika. Barka, barka, Allah ya kiyaye gaba. Alhaji Abatcha ya tsaya a bakin ƙofa ya ce shi zai yanka rago ranar da shugaba ya dawo. Inna ta wanke wa Baba farar rigarsa. Na cire zanen da ke kan keke na goge shi.

Barista Ufedo ta zo, ta ji labari, ta ce yana da kyau. Sai ta ce, "Amma Mama," Inna ta ce, "Barista, don Allah yau kada ki ce amma." Barista ta haɗiye sauran maganarta.

An ce ranar Alhamis za a kai shi kotu. Kowa ya ce don a sallame shi ne.

Alhamis, 1 ga Agusta, bayan la'asar

Zan rubuta a hankali.

Kotun ƙarama ce, fanka ba ta aiki. An shigo da Baba tare da wasu mutane da ban sani ba. Ɗan sanda ya karanta tuhuma da Turanci, tafinta ya maimaita. Na ji sunan Iya Yaji cikakke, ban taɓa saninsa ba sai yau.

Bilyamin ya zo, Allah ya saka masa. Ya miƙe ba a kira shi ba ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ne ɗanta, na yafe."

Majistare ya cire tabarau. Bai yi faɗa ba. Ya ce Allah ya ba shi lada, kuma za a rubuta. Amma ƙarar ba tasa ba ce, ta gwamnati ce, kuma maganar rai ba a janye ta da yafiyar dangi. Ya ce shi kansa ba shi da hurumin yin wannan shari'a, ko ba da beli. Za a aika takardu Damaturu a jira shawarar ma'aikatar shari'a. Kafin nan a ajiye wanda ake tuhuma a gidan yari.

Mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, har Fika fa muka je." Aka ce ya zauna.

Inna ba ta gane ba. Tana riƙe da farar rigar a leda, tana tambayata, "Yanzu zai fito? Ta wace ƙofa?" Ni ce na gaya mata.

A waje na tambayi Barista yaushe Damaturu za su amsa. Ta ce akwai waɗanda suke jira tun bara. Ta ce abin da ke cikin takardun kawai za su karanta, kuma abin da ke ciki shi ne mutum ɗaya ya ce shi ya sa aka yi.

Daga gidanmu ba wanda ya zo kotu sai Anti Celina.

Juma'a, 2 ga Agusta, da safe

Na mayar da zanen kan keke.

Lahadi, 4 ga Agusta, bayan la'asar

An yi zaman gida. Wurin katangar a buɗe yake, kwanon rufi da ƙaya aka jingina, kowa yana tsoro, ga sallah ta zo. Aka ce sai an yi wani abu. Wani ya ce to wa zai jagoranta? Kowa ya hau kallon ƙafarsa.

Alhaji Abatcha ya ce, "Ai muna da shugaba. Ba a cire mutum yana cikin jarrabawa. Mu jira Allah ya fito da shi."

Anti Celina ta ce, "Alhaji, kai ba mataimaki ba ne?"

Ya ce, "Na suna ne kawai, 'yata."

Ta ce, "Ranar rabon naman layya ba na suna ba ne. Har cinya ka ɗauka."

Wasu suka yi dariya, suka haɗiye ta. Ya ce ita mace ce, kuma baƙuwa, ba ta san yadda ake yi a nan ba. Ta ce, "Baƙuwa? Ni na karɓi haihuwar 'ya'yanka uku!" Aka ce a yi haƙuri, azumi ake yi.

Aka ce, "An yarda Malam Zarami ya ci gaba?" Aka ce, "An yarda."

Ina tsaye a bakin ɗakinmu. Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Sai na sake rufe shi kamar yadda nake yi a aji. Sadiya tana can gefe tana kallona.

Talata, 6 ga Agusta, da azahar

Mun je gidan yari. Layin masu ziyara ya kai bakin titi, yawanci mata. Wadda ke gabana ta ce wannan ce sallarta ta uku a layin nan. Ta faɗa kamar tana gaya mini kuɗin mota.

Ta bayan ragar ƙarfe muka ga Baba. Yana tari. Ya ce ba komai, sanyin siminti ne. Ya ce ɗakin ya cika, ana kwana bi da bi. Ya ce sun gane tela ne, har an ba shi allura yana yi musu faci. Yana faɗa yana murmushi don mu.

Ya ce, "Uwata, kina riƙe da maganarmu?"

Na ce, "Baba, tarin nan tun yaushe?"

Aka buga ƙarfe, lokaci ya cika.

Laraba, 7 ga Agusta, jajiberin sallah, da yamma

Da safe Sadiya ta aiko mini da lalle, ta ce in zo mu yi ƙunshi tare. Na ce ina zuwa.

Na ce wa Inna zan je sayo zare. Ban taɓa yi mata ƙarya irin wannan ba, kuma ina azumi. Ta dube ni, ta dubi keken da ke rufe, ta ce, "Ki sa hijabinki mai kauri." Ba ta tambaye ni wane launi ba.

Na hau Keke Napep ni kaɗai. Ofishin Barista Ufedo ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon magani. Na same ta tana shirin rufewa. Na tsaya a ƙofa. Ta ce, "'Yar Malam Zarami? Kin zo riƙe mini jaka ne?"

Na ce, "Ina wurin."

Ta ajiye makulli. Ta ba ni kujera, ta ce kafin in ce komai sai ta gaya mini gaskiya. Wannan ba zai fito da Baba gobe ba, wataƙila ba wata mai zuwa ba ma. Amma da shi za ta iya zuwa babbar kotu ta nemi beli, kuma Damaturu za su karanta labari biyu, ba ɗaya ba. Ta ce za a kira duk wanda na ambata. Za ta yi iya ƙoƙarinta a kira su da takarda, ba da mota ba, amma ba za ta rantse mini ba. Ta ce zan maimaita a gaban 'yan sanda, in sake a gaban alƙali, da ƙarfi, kowa yana kallona. Ta ce zaman gidan nan zai yi mana wuya. Ta ce, "Babanki ya sani?"

Na ce ya hana ni.

Ta ce, "To ki je ki yi sallah, ki yi tunani."

Na ce in na tafi ba zan iya dawowa ba, na san kaina.

Ta ɗauki biro. Na faɗi ranar, na faɗi inda na tsaya, na faɗi abin da Baba ya ce game da magini da ruwan damina. Ta ce in ɗaga murya, na ɗaga kaɗan.

Ta ce, "Wa ya ce kada a kawo magini?"

Na ce, "Wanda ya ce a toshe rariya."

"Waye shi?"

Na ce, "Baban Sadiya."

Ta ce, "Doka ba ta san Sadiya ba. Sunansa za ki faɗa."

Na faɗa.